Filin Tambayoyinku: Guguwar hunturu ta kwantar da daji, shikenan ya mutu?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon yawancinsu a kan abu ɗaya suka tsaya, wato ɓarnar da guguwar hunturu ke yi wa dazuzzuka a ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, da yadda bishiyoyin ke farfaɗowa bayan an yi musu wannan ta'asa. Na haɗa su wuri ɗaya, wasu na ɗan gajarta saboda fili, masu su a yi haƙuri.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ga hotunan wani daji a Turai, bishiyoyi dubbai a kwance duk sun kalli gefe ɗaya kamar an watsa tsinken ashana, aka ce wai iskar dare ɗaya ce. Abin ya ɗaure min kai, bishiyar da ta shekara ɗari a tsaye ta yaya iska za ta tuge ta haka, kuma me ya sa sai da hunturu?
— Wani mai karatu

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne yawancinmu mun ɗauka yadda bishiya ta yi sama haka saiwarta ta yi ƙasa, toh ba haka abin yake ba. Akasarin saiwoyin bishiya ba sa wuce santimita 60 na saman ƙasa, saboda nan ne suke samun iskar numfashi da abinci, faɗi suke yi ba zurfi ba. In ka taɓa tsayawa gaban bishiyar da iska ta tuge za ka gane nufina, wani ƙaton faifai za ka gani a tsaye ya fi ka tsawo, saiwoyi sun sarƙe da laka, duwatsu a maƙale a tsakaninsu, amma in ka zagaya ka dubi kaurinsa ta gefe sai ka ga da ƙyar ya kai tsawon hannunka, a gindinsa kuma ga rami ruwa ya taru a ciki. Wannan faifan da nauyin ƙasar da ya rungumo, su ne kawai ke riƙe da bishiya mai tsawon mita 30.

Ita kuma iskar ba turi ɗaya take yi ba, bugu-bugu take zuwa, ta tura ta saki, ta tura ta saki, bishiyar na layi gaba da baya, duk layi ɗaya wata saiwa na tsinkewa ta gefen da iskar ke fitowa, ƙasar na ta sassautawa, kamar dai yadda kake jijjiga turke kafin ka cire shi. Awa biyu awa uku ana haka sai wani bugu ya zo wanda bai ma fi na baya ƙarfi ba ya ƙarasa ta. In ta tashi faɗuwa kuma kan maƙwabciyarta take faɗawa, sannan ta bar ƙofa a buɗe, iska ta samu hanyar shiga wurin waɗanda tunda suka tsiro a tsakiyar daji suke 'yan'uwa na kare su, ba su taɓa ɗanɗana bugunta ba. Shi ya sa ka gansu a jere.

Maganar hunturu kuwa, a lokacin ne bambancin da ke tsakanin iskar sanyi ta can ƙuryar arewa da iska mai ɗumi ta kudu ya fi yawa, wannan bambancin ne ke haifar da manyan guguwoyin da ke tasowa daga tekun Atalantika su afka wa Turai. Ga shi kuma ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, ba ta riƙe saiwa. In ƙasar ta daskare ta yi tauri sai labari ya sauya, saiwar ta ƙi motsi, amma in iskar ta yi ƙarfi sosai sai gangar bishiyar ta karye a tsakiya, ta tsattsage, wannan ma ya fi ɓata katako.

Sannan ba duk bishiya ke shan wahala iri ɗaya ba. Masu faffaɗan ganye irin su ok da mefil (oak da maple a Turance) suna zubar da ganyensu kafin hunturu, iska ta bi ta tsakanin rassa ta wuce abinta. Amma masu ganyen allura irin su sifirus da fayin (spruce da pine a Turance) da ganyensu suke shekara, kamar mutum ne ya buɗe lema a cikin iska, ga sifirus kuma dama saiwarta ba ta nutsawa. Guguwar Gudrun da ta bugi kudancin Suwidin a daren 8 zuwa 9 ga Janairu 2005 ta kwantar da katako kubik mita miliyan 75, kusan abin da ƙasar gaba ɗaya ke sarewa a shekara guda, kuma mafi yawansa sifirus ne, a lokacin ƙasar ba ta daskare ba. Kafin ita an yi guguwar Lothar ranar 26 ga Disamba 1999, washegari guguwar Martin ta biyo bayanta, su biyun suka zubar da wajen kubik mita miliyan 200 a Turai, Faransa ta fi kowa jin jiki, lambun fadar Barsai kaɗai ya rasa bishiyoyi wajen 10,000. Ita kuwa guguwar Ingila ta daren 15 zuwa 16 ga Oktoba 1987, wadda ta kayar da bishiyoyi miliyan 15, abin da ya sa ta yi wa masu faffaɗan ganye mugun ta'adi shi ne ta zo da wuri, hunturu bai kankama ba, ganye na nan bai zube ba, ga ruwan sama da aka sha kafin nan.

Wani abu kuma da ke burge ni, bishiya ta san inda iska ta saba fito mata, tana ƙara saiwa da kauri daidai da wannan bugun. Shi ya sa guguwar Arwen ta watan Nuwamba 2021 ta yi ɓarna sosai a Sikotlan da arewacin Ingila, daga arewa ta fito, su kuwa bishiyoyin wurin duk shirinsu na iskar kudu maso yamma ne, ta bayan gida aka shammace su.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne a Kanada. Wani dare aka yi ruwan sama ɗan yayyafi, ba iska ba komai, amma da safe muka tashi komai ya zama kamar gilashi, rassa sun kakkarye sun cika hanya. Ya aka yi haka? Kuma akwai wata ƙaramar bishiya a ƙofar gidan da nake ta sunkuya har ƙasa, in kakkaɓe mata ƙanƙarar?
— Wani ɗalibi

Amsa: Ƙanena Allah ya ba da sa'ar karatu, kuma don Allah kar ka kakkaɓe, bari in fara da wannan kafin ka ɗauko sanda. Reshen da ƙanƙara ta lulluɓe a cikin tsananin sanyi ya zama kamar ƙarmami, kana bugawa zai karye, ka bar ta rana ta narkar da ita a hankali. In dusar ƙanƙara ce mai laushi da ta sauka yanzu, wannan kam za ka iya sa tsintsiya ka ɗaga rassan daga ƙasa zuwa sama a hankali ta zube. Kuma kar ka tsaya ƙarƙashin manyan, kar ka kusanci wadda ta taɓa wayar lantarki.

Abin da ka gani shi ne ruwan sama mai daskarewa. Yadda yake faruwa, a can sama akwai iska mai ɗumi da ta hau kan wata iska mai sanyi da ke kwance a ƙasa, to ruwan ya sauko a matsayin ruwa, ya ratsa cikin sanyin nan har sanyinsa ya wuce na daskarewa amma bai samu abin kamawa ba, yana taɓa reshe ko waya ko mota nan take sai ya zama ƙanƙara. Ɗigo kan ɗigo, har tsinken da bai fi biro kauri ba ya koma kamar damtse. Nauyin reshe zai iya ninkawa har sau 30. Daga kaurin milimita 6 ƙananan rassa ke fara karyewa, in ta haura milimita 12 manya ma sun shiga uku. Waɗanda suka kwana kusa da daji a irin wannan dare za su gaya maka ba a barci, ƙas, ƙas, kamar ana harbi, sai kuma ka ji ƙarar zubewa kamar an fasa kwalabe.

Ƙasar da kake ciki ta ga mafi muni a farkon Janairu 1998, kwanaki ana wannan ruwan a gabashin Ontariyo da kudancin Kebek har zuwa arewa maso gabashin Amurka, wasu wurare a kudu da Montiriyal kaurin ƙanƙarar ya kai milimita 100, manyan turakun lantarki na ƙarfe wajen 1,000 suka durƙushe, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu, dazuzzukan mefil kuma kamar an yi musu aski da gatari. A Sulobeniya ma a farkon Fabrairu 2014 irin wannan ta taɓa wajen kashi 40 cikin ɗari na dazuzzukan ƙasar.

In ka fita ka duba waɗanda suka karye da kyau za ka lura da wani abu, yawanci a mahaɗa suke tsagewa, inda rassa biyu masu kauri ɗaya suka tashi a matse kamar baki biyu na gwafa, saboda a irin wannan mahaɗar ɓawo ne ke naɗewa a ciki maimakon itace, a ido a haɗe suke amma a ciki ba abin da ya ɗinke su. Sai kuma waɗanda dama suna da ruɓa a ɓoye. Masu ganyen allura a nan sun fi sa'a, tsininsu da rassansu masu kallon ƙasa na taimaka musu. Taka ƙaramar kuma in dai ba ta tsage ba akwai kyakkyawan zaton za ta miƙe da kanta in ɗumi ya shigo, musamman in bishiyar birci (birch) ce mai farin ɓawo, su dama sunkuyawa suka iya.

Tambaya: Shin sanyin kansa ba ya kashe bishiya? Ruwan da ke jikinta ba ya daskarewa?
— Wata mai karatu

Amsa: Yana daskarewa 'yar'uwa, amma ta shirya masa. Tun daga kaka da rana ta fara gajarta take tara sukari a ƙwayoyin halittarta, ta kuma fitar da ruwa daga cikinsu zuwa 'yan guraben da ke tsakaninsu, to ƙanƙarar a can waje take haɗuwa, ba ta fasa ƙwayar ba. Matsala na zuwa ne in sanyi ya faɗo kwatsam kafin ta gama shiri, ko kuma a yi ɗumi na yaudara ta fara toho sannan sanyi ya dawo. Akwai kuma tsagewar sanyi, rana ta ɗumama gefe ɗaya na gangar da yini, dare ya yi sanyi ya sauka da sauri, waje ya tsuke ciki bai tsuke ba, sai ta tsage a tsaye da ƙara. Wannan ba ya kashe ta nan take amma ya buɗe wa funfuna ƙofa.

Tambaya: Malam ina wuni. In babban reshe ya karye, raunin yana warkewa kamar na mutum? Na ga wasu na shafa fenti ko kwalta a wurin. Kuma yaya ake gane wadda za ta rayu da wadda ba za ta rayu ba?
— Wata Hajiya mai son shuke-shuke

Amsa: Lafiya lau Hajiya, wannan tambayar ta faranta min rai don nan ne abin mamakin yake. Bishiya ba ta warkewa irin tamu. Mu in mun yanke sabon nama ke maye gurbin wanda ya lalace, ita kuwa itacen da ya ji rauni ya ji kenan har abada, abin da take yi shi ne ta killace wurin. Wani masanin hukumar gandun daji ta Amurka mai suna Alex Shigo shi ya fito da wannan fili a shekarun 1970, bayan ya tsaga bishiyoyi dubbai da zarton inji yana bin sawun ruɓa a cikinsu. Ya nuna cewa bishiya na toshe hanyoyin ruwan da ke sama da ƙasan raunin, ta zuba sinadarai masu hana funfuna yaɗuwa ta gefe, sannan sabon itacen da za ta yi bayan raunin ta raba shi da tsohon da wata katanga mai ƙarfi, sai ta ci gaba da girma a kan abin, leɓen sabon itace na naɗowa daga gefe-gefe shekara bayan shekara har ya rufe. Shi ya sa za ki ga bishiya cikinta kogo amma ganyenta shar, ruɓar ta cinye abin da aka bar mata ta kasa tsallake katangar.

Saboda haka fenti da kwalta ba sa taimakawa, sau da yawa ma danshi suke riƙewa funfuna ta ji daɗi. Abin da ke taimakawa shi ne a gyara karayar da yanka mai kyau. Ki dubi gindin reshe inda ya haɗu da ganga, za ki ga wani ɗan kumburi kamar wuyan riga, a gaban wannan kumburin ake yankewa, ba a shafe shi, ba a kuma bar dogon kututture, domin a cikinsa ne kayan killacewar suke. Kuma ina roƙon masu yanke kan bishiya gaba ɗaya wai don kar ta sake karyewa su daina, rassan da za su fito bayan haka a saman fata kawai suke maƙale, su ne farkon karyewa a guguwa ta gaba.

Wajen gane wadda za ta rayu, masana da suka bi bishiyoyin da ƙanƙarar 1998 ta lalata suna duba yawan rassan da suka tafi. In ƙasa da rabi ne, yawanci za ta farfaɗo. Daga rabi zuwa kashi 75 da yawa na rayuwa amma girmansu zai ja baya na wasu shekaru, in aka sare su daga baya za a ga zobban waɗannan shekarun sun matse sun yi siriri, tarihin guguwar a rubuce a jikinsu. In ya wuce kashi 75 to fata ya yi ƙaranci. Amma kar a yanke hukunci da wuri, a bari a ga bazara ɗaya ko biyu, domin masu faffaɗan ganye suna da idanun toho a ɓoye ƙarƙashin ɓawo, shekara da shekaru suna barci, da zarar kan bishiyar ya tafi haske ya bugi gangar sai su farka, su ci daga sitacin da ta ajiye a saiwa da ganga, ki ga sabbin rassa sun feso ta ko'ina. Ko an sare ta ma kututturen na iya tsirowa. Yawancin masu ganyen allura ba su da wannan baiwar, sifirus in ta karye ƙasa da rassanta masu ganye ta gama.

Wadda ta karkace ma tana da dabara, tana yin wani itace na musamman don ta miƙar da kanta, masu ganyen allura a ƙasan karkatar suke yinsa su turo, masu faffaɗan ganye a sama su jawo. Wadda ta kwanta gaba ɗaya kuwa in dai wasu saiwoyin na cikin ƙasa, sai ki ga rassanta na sama sun miƙe kowanne ya zama bishiya, a jere a kan gangar uwar.

Bari in ba ki labarin wata ok a lambun Kew da ke Landan, ana kiranta ok ɗin Turner, tun 1798 aka dasa ta. Kafin guguwar 1987 ta fara nuna alamun gajiya. Daren guguwar iska ta ɗaga ta da faifan saiwarta ɗungurungum ta sake dire ta a ramin. Ma'aikata suka tafi kan sauran ɓarna, da suka waiwayo ta bayan 'yan shekaru sai suka tarar ta fi da lafiya. Ashe sawun mutane ne ya danne ƙasar gindinta tsawon zamani har iska da ruwa ba sa shiga, girgizar nan ta sassauta ta. Daga nan lambun ya fara hura iska a ƙasar gindin tsofaffin bishiyoyinsa da gangan.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni a ganina in guguwa ta kayar da daji abin da ya kamata shi ne a kwashe komai a share wurin tas a sake dasa sababbi. Amma na ji wai wasu na barin itatuwan su ruɓe a wurin, wannan ba asara ba ce da sakaci?
— Wani dattijo mai karatu

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma. Maganarka na da gaskiya a wani wuri, a wani wurin kuma zan nemi izini in saɓa maka.

Inda kake da gaskiya shi ne dajin sifirus da aka dasa don katako. A nan ana kukan targaɗe ne sai ga karaya, domin akwai wani ƙwaron ɓawo mai tsawon wajen milimita 5, yana huda ɓawo ya yi ƙwai, tsutsotsinsa su ci ɓangaren da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa, in ka ɓare ɓawon za ka ga hanyoyinsu a zane layi-layi kamar rubutu. Bishiya mai lafiya tana nutsar da shi da ƙaro, wadda ke kwance kuwa ba ta iyawa, sai su hayayyafa a jikinta, in sun yi yawa su taru su far wa na tsaye su fi ƙarfin ƙaron. In rani ya yi zafi suna iya zubi biyu har uku a shekara. Haka aka yi a Sulobeniya bayan 2014, haka a arewacin Italiya bayan guguwar Vaia ta ƙarshen Oktoba 2018. Ga kuma katakon kansa da ke lalacewa in ya daɗe a ƙasa. Shi ya sa bayan Gudrun aka yi ta rige-rige da lokaci, a wani tsohon filin jirgin sama da ke Byholma aka jibge gungume wajen kubik mita miliyan 1, tsibi mai tsawon fiye da kilomita 2, ana ta fesa masa ruwa shekaru don kar ya ɓaci. Mutanen da dajin nan ne dukiyarsu da gadon 'ya'yansu ba wanda zai ce musu su naɗe hannu.

Sai dai aikin na da haɗari ƙwarai, itacen da ya faɗi wani ya danne shi kamar baka ne a ɗane, kana yankawa zai iya zabura ya bugi mutum, faifan saiwar ma na iya komawa raminsa ya rufe wanda ke tsaye a wurin. A Suwizalan bayan Lothar, waɗanda suka rasu wajen aikin share daji sun kai yawan waɗanda guguwar kanta ta kashe. Aikin ƙwararru ne.

Amma Baba a dajin gargajiya mai bishiyoyi iri-iri, wallahi wannan hargitsin da ido ke ƙi shi ne gadon da sabon daji ke kwanciya a kai. A Toys Hill da ke yankin Kent na Ingila guguwar 1987 ta kayar da fiye da kashi 90 na bishiyoyi, aka shiga da manyan injina aka share wasu wurare aka ƙona aka dasa, wani ɓangare kuma aka bar shi yadda yake. Da shekaru suka tafi sai aka ga inda aka bari ya fi kyau, inda injina suka bi sun danne ƙasa, dashen da yawa bai yi ba, birci da ta fito da kanta ta shanye shi. A Baƙin Daji na Jamus ma an bar hekta 10 na ɓarnar Lothar ba a taɓa ba, aka yi hanyar katako ta ratsa ciki ana kiranta Lotharpfad, mutane na zuwa su ga yadda dajin ke dawowa da idonsu. Gandun dajin Babariya da ke Jamus, wanda aka kafa a 1970, shi ma ya yi wannan ƙarfin halin tun bayan guguwar 1983, ƙwaron ɓawo ya zo a shekarun 1990 ya busar da tsaunuka guda, mutanen yankin suka fusata sosai, kuma ni ban ga laifinsu ba, amma yau ƙarƙashin busassun nan matashin daji ne cunkus wanda ba hannun da ya dasa shi.

In ka durƙusa a irin wannan wuri za ka ga dalili. Faɗuwar wani tashin wani, ƙananan bishiyoyin da suka shekara ashirin a inuwa ba su wuce gwiwa ba, haske na sauka sai su zabura. Tudun da faifan saiwa ya bari busasshiyar ƙasa ce sabuwa, 'ya'yan birci marasa nauyi da iska ke kawowa nan suke kamawa, ramin gefensa kuma ya riƙe ruwa ga kwaɗi da masu son danshi. Gungumen da ke ruɓewa ya zama kamar soso, sifirus ƙanana a kansa suke jeruwa su tsiro sama da ciyawa. Rassan da suka sarƙe da sarƙaƙƙiyar ƙaya da ke biyo baya su ne shingen da ke hana barewa cinye tsiron, a cikinsu ne 'ya'yan ok da tsuntsaye suka binne suka manta ke samun tsira. In ka share duk wannan ka kwashe shingen da takin da inuwar a lokaci guda.

Ni dai ra'ayina, a buɗe hanyoyi, a cire abin da zai faɗo wa mutane, a kwashe sifirus inda ƙwaro zai yaɗu zuwa dajin maƙwabta, sauran kuma a ba shi shekara biyar a ga abin da zai fito kafin a kira injina.

Tambaya: Toh in daji na dawowa da kansa, me ye abin damuwa? Kuma shekara nawa yake ɗauka?
— Wani mai karatu

Amsa: Akwai abin damuwa ɗan'uwa, sosai ma. Iska ita ke da kusan rabin duk katakon da bala'o'i ke lalatawa a dazuzzukan Turai, kuma ɓarnar ta ƙaru, wani ɓangare saboda yadda aka dasa su ne, iri ɗaya, shekaru ɗaya, tsawo ɗaya, a matse, dogaye sirara kowacce ta jingina da 'yar'uwarta, in aka rage wasu don sauran su yi kauri sai waɗanda suka rage su yi shekaru suna cikin haɗari kafin su saba da tsayuwa su kaɗai. Ga hunturu na ƙara ɗumi a ƙasashen arewa, ƙasar da a da ke daskarewa ta riƙe saiwa yanzu sau da yawa laka ce. Ga fari irin na 2018 da ya raunana sifirus a Jamus da Cek ƙwaro ya samu yadda yake so. Dajin da zai iya jure bugu ɗaya ba lallai ya jure uku a jere ba, kudancin Suwidin bai gama share Gudrun ba guguwar Per ta sake bugunsa a Janairu 2007, a watan ne kuma Kyrill ta kwantar da kubik mita miliyan 37 a Jamus.

Abin da ke ba ni takaici shi ne bayan Gudrun mafi yawan wuraren sifirus aka sake dasawa, duk da tallafin da gwamnati ta bayar don a dasa masu faffaɗan ganye. Na fahimci masu dajin, ita suka sani, ita ke da kasuwa, ita ce kuma dabbobin daji ba su cika ci ba. Amma dajin da aka cakuɗa iri da shekaru, aka bar gefensa ya tashi a hankali daga gajeru zuwa dogaye don iska ta hau ta wuce, shi ne in an buge shi ake samun masu tsayawa su zubar da iri.

Lissafin shekaru kuwa, ciyawa da ƙaya a shekara biyu zuwa uku sun rufe ƙasa. A shekara goma birci ta fi mutum tsawo nesa, shiga ma sai da ƙyar. A shekara ashirin zuwa talatin baƙo zai ce daji ne kawai, sai wanda ya lura da tudu da rami a ƙasa zai gane an taɓa yin guguwa a nan. Amma manyan da suka faɗi ba a mayar da su a rayuwar mutum ɗaya. Birci ba ta cika wuce shekara 80 ba, tana tsufa ne masu jinkirin girma na tasowa a ƙarƙashinta. Ok ɗin da suka tsiro a gurbin waɗanda suka faɗi a Ingila a 1987 yanzu shekarunsu sun haura talatin, ita kuwa ok tana iya shekara ɗari biyar har fiye, kaga a lissafinsu har yanzu yara ne.